Wanda Ya Fasa Murfin Tulu

Kabir, Hadiza, Saudatu, wannan babin naku ne ku uku, kuma ba na son a karanta shi a tsaitsaye. Shekara biyu ke nan da muryar innarku ta ɓace daga duniya, shekara biyu ke nan Kabir bai taka gidan Saudatu ba, ko gaisuwar Salla sai ta bakin 'ya'ya. Kowa a cikinku yana riƙe da labarin yadda abin ya faru, kuma duk daga bakina kuka samo shi. To, ƙarya na yi muku. Na kai shekarun da in zan sayi sabon takalmi sai na tsaya na yi tunani, don haka gara in faɗi gaskiya tun hannuna yana iya riƙe biro. Sai dai ba za ku gane girman abin da na aikata ba sai na mayar da ku shekarar da aka ɗauki muryar, saboda haka ku yi haƙuri da tsoho.

A farkon shekarun tamanin ina aiki a wurin gina madatsar ruwa ta Zobe. Ni ke riƙe da makullan sito, inda ake ajiye siminti da ƙarafa da kayan injuna. Makullan nan a ɗaure suke a ƙuguna da tsirkiya, in ina tafe tun daga nesa ake jin ƙararsu, har lebura suka laƙaba mini Lawal Makulli, sunan ya bi ni har yau. Kuma ina jin kaina da shi, ba zan ɓoye muku ba. Ko injiniya ne ya aiko, in babu takarda da sa hannu, sai ɗan aike ya koma hannu rabbana. An zage ni a kan haka, an kai ƙarata, ban taɓa sauyawa ba. Ku riƙe wannan a ranku, don za ku ga inda mai makullin ya ƙare.

Innarku tana gidanmu na Birchi da ku biyu, Kabir da Hadiza, tare da tsohuwata da ido ya fara gaza mata. Sau ɗaya nake zuwa gida a wata. Ba ta yi boko ba, kuma ta rantse ba za ta kai cikinta wurin mai rubutun wasiƙa ba, mutumin da zai ji sirrinka da safe, kafin azahar ya kai shi bakin kasuwa. Shi ya sa na ƙuƙuta na saya mata rediyo mai kaset. Akwai wani direban babbar mota a wurin aikinmu, Bulus, Kirista ne daga can kudancin Kaduna, duk mako yana zuwa Katsina ɗauko kaya, hanyarsa kuwa ta Birchi ce. Shi ke kai kaset, shi ke dawowa da shi. A ɗakinsa nake saurara tunda shi ke da rediyo, kuma da zarar na danna sai ya ɗauki tabarmarsa ya koma gindin bishiyar bedi, bai taɓa tsayawa ya ji ko kalma ɗaya ba. Kaset ɗaya tak muke da shi. Gefe guda nata, gefe guda nawa, kowane mako sabuwar magana ta hau kan tsohuwa ta shafe ta. Ba mu ɗauki abin a bakin komai ba, muna ganin magana ai ba ta ƙarewa.

A zamanin, mai hankali ba ya aike babu alama. In ka tura mutum ya karɓo maka wani abu a gida, sai ka haɗa shi da wata kalma da kai da mai ɗakinka kaɗai kuka sani, in bai kawo ta ba, ko kuka yake yi ba a ba shi. Tamu alamar tana da tarihi, kuma tarihin bai yi mini kyau ba. A makon farko na aurenmu na shiga ɗakinta shan ruwa, murfin tulunta ya kuɓuce mini ya rabe biyu. Murfi ne na kayan ɗakinta, kakarta ta gina shi da hannunta. Maimakon in faɗa, sai na kwashe gutsattsarin na tura bayan rumbu, da ta tambaya na ce akuya ce ta shiga. Ta ɗauki kara ta bi akuyar nan har zaure. Bayan kwana uku tana shara ta tsinci murfin a jere, ɗaya kan ɗaya, ta kawo mini ta ajiye a gabana ta ce ita dai ba ta taɓa ganin akuya mai tattara ɓarnarta ta adana ba. Tun daga nan abin ya zama alamarmu. Duk wanda na aika, za ta tambaye shi wa ya fasa murfin tulu, in ya ce akuya, to ni na aiko shi.

Kaset na ƙarshe ya zo mini a ƙarshen damina, tana da cikin Saudatu wata tara. Na saurare shi har na haddace. Da sallama ta fara, a bayanta ana jin daka daga gidan maƙwabta, zakara ya yi cara sau biyu. Ta sa Kabir ya biya karatunsa, ya kakare a tsakiya ta ɗora shi. Hadiza ta ƙi magana, sai kuka, aka ji tsohuwata tana cewa a ba ta ƙuli. Daga nan ta kore ku waje, ta ba ni labarin wani baƙo da ya yi sallama a zaure ranar Talata. Ya ce daga Zobe yake, wai ƙarfe ya faɗo mini a ƙafa ina kwance, na aiko a ba shi rediyon in riƙa jin labarai. Ya san sunana, ya san laƙabina, ya san sunan Bulus, har launin motar ya faɗa. Ta ce gabanta ya faɗi, har ta naɗe wayar rediyon ta rungumo shi, sai ta tsaya a bayan asabari. Ga yadda ta faɗa, kalma da kalma:

"Na ce mashi, bawan Allah, ba ƙaryata ka na yi ba, amma wa ya fasa murfin tulu? Ya ce wane tulu? Na ce to koma ka tambayo, rediyo na nan bai da ƙafa. Malam, sai na ji ya fice, ko sai an jima bai ce ba."

Sai ta yi dariya. Dariyar nan ta fi komai tsawo a kaset ɗin, har tari ya sarƙe ta. Bayan ta nutsu ta sassauta murya, ta yi maganar da ke tsakanin mace da mijinta, ta ce na cikin nan ba ya barinta ta zauna, shuri yake kamar an aiko shi, in mace ce tana son a sa mata Saudatu. Kaset ɗin yana hannuna, ban kai ga ɗaukar amsa ba, Bulus ya dawo a ranar da ba ranar dawowarsa ba, ya tsaya a ƙofar sito ya cire hula. Ta haihu da hantsi, kafin la'asar ta cika. Shi ya kai ni Birchi a gaban motarsa.

Shekara arba'in kaset ɗin nan yana naɗe cikin ɗankwalinta a akwatin ƙarfe. Kun sani, sai ranar ƙaramar Salla nake fito da shi, ku zauna ku ji sallamarta da karatun Kabir da kukan Hadiza, da ta ce "ku fita waje" sai in kashe. Kun sha roƙona in bari ya wuce, ban taɓa bari ba. Ina ganin kunya ce da mutunci. Yanzu da na zauna na duba, akwai rowa a ciki, ina son ya zama akwai wani yanki nata da ni kaɗai ke da shi. Kabir ya san fuskarta, Hadiza tana tuna ƙamshin zanenta ko ta ce tana tunawa. Saudatu kuwa ba ta da komai sai waɗannan 'yan mintuna, su ma rabi nake ba ta.

Da kaset ya fara jan murya, sai ka ji innarku kamar mai magana daga cikin rijiya, Saudatu ce ta tashi tsaye. Ta zo daga Dutsin-Ma inda take koyarwa, ta aro rediyo mai kyau, ta rufe ɗaki don kada hayaniya ta shiga, ta kanga wayarta a bakin lasifika ta ɗauka daga farko har ƙarshe. Ni na zauna a waje kamar yadda Bulus yake yi. Da ta fito idonta ja wur. Allah ya sa ta yi a kan lokaci, domin da aka sake kunna shi zaren ya cukurkuɗe ya tsinke, ya manne da juna, babu mai gyaran da ya iya ceto shi. A ranar ta ce bari ta tura wa yayyenta kowa ya ajiye nasa, abu mai daraja ba a barinsa a hannu ɗaya. Na hau ta da faɗa. Na ce maganar mata da miji ba za ta riƙa yawo a wayoyin mutane ba, yau tana wurin Kabir, gobe wurin matarsa, jibi a gidan biki. Na sa ta tura a wayata, na tsaya a kanta har ta goge nata ina kallo. Kabir, ka ji wannan da kyau, domin ka sha cewa don me ba ta ajiye wani ba. Ni na hana, kuma na sa ta rantse.

Da ta ga ba zan tanƙwaru ba, sai ta yi abin da za ta iya. Ta buɗe mini asusun imel, ta ajiye kwafi ɗaya a ma'ajiyarsa ta intanet, ko waya ta faɗa ruwa muryar tana nan. Ta sa kalmar sirri doguwa, ta hana ni sa shekarar haihuwata ko sunan ɗayanku, ta rubuta mini a takarda na sa a aljihun ciki. Sannan ta ƙara makulli na biyu, wato duk mai son shiga daga wata waya sai an turo lamba shida a layina. Ta durƙusa a gabana ta yi mini bayani kamar ɗan aji ɗaya, har na fara jin haushi.

"Baba, lambar nan ita ce alama. Duk wanda ya kira ya ce ka karanto mashi, ko ni ce, ko muryata ka ji, kashe wayar ka kira ni da kanka."

Na ce mata ni za ta koya wa riƙon makulli? Tun ba a haife ta ba nake korar injiniyoyi daga ƙofar sito. Ta yi murmushi ta ce Allah ya ba Baba haƙuri.

Ba a yi shekara ba abin ya faru. Muna da zaure, wato rukunin hira, a manhajar saƙo ta waya, mu tsofaffin ma'aikatan Zobe da muka rage, ba abin da muke yi sai gaisuwar Juma'a da sanar da mutuwa. A makon an sanar da rasuwar wani abokin aikinmu, kowa ya rubuta ta'aziyya, ni ma na aika tawa da murya, na ce Lawal Makulli ne daga Kurfi, inda nake zaune yanzu. Bayan kwana biyu ina zaune a ƙofar gida bayan la'asar, waya ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Mutum ne mai cikakkiyar murya, Hausarsa irin tamu ta nan, ya yi sallama ya ce yana magana da Baba Alhaji Lawal Makulli? Ya gaishe ni gaisuwa ta ɗa da uba, ya tambayi ƙafata da iyali da zafi. Ya ce shi babban ɗan marigayi ne, mahaifinsu ya sha ba su labarina, mutumin da ko allura ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba. Wallahi sai da na gyara zama. Ya ce sun shirya saukar Alƙur'ani ta waya ranar addu'ar bakwai, tunda tsofaffi ba sa iya tafiya, za a raba izu sittin ga mutum sittin, kuma sun ware mini nawa. Za a turo mini lamba yanzu, in karanto masa ya sa ni a jeri.

Saƙon ya shigo muna cikin magana. Da Turanci yake, kuma ina karanta Turanci sarai, kada wani ya yi mini uzuri da jahilci. A rubuce yake ƙarara cewa kada a faɗa wa kowa wannan lamba. Maganar Saudatu ta faɗo mini a rai, har na buɗe baki na ce masa, ɗana, ai nan an ce kada a bayar. Sai muryarsa ta karye.

"Baba, baƙo ake nufi, ba mu ba. Amma in ranka bai kwanta ba a bari, sai in ba wani izun. Dama don Baba ya ce in ya rasu a neme ka ne."

To ku gaya mini, a tarbiyyar da aka yi mana, yaya za ka ce wa maraya mai zaman makoki ya kawo shaida? Yaya za ka ce masa kashe in kira ka, kamar wanda ya zo satar akuya? Kunya ta kama ni, ga kuma daɗin an ce marigayi ya ambace ni. Na karanta masa, ɗaya bayan ɗaya, har ina maimaitawa don kada ya yi kuskure. Ya ce ba ta shiga ba, za a sake turo wata. Aka turo, na sake karantawa. Ta farko ta manhajar saƙo ce, ta biyu ta imel, amma wannan sai daga baya na sani. Ya yi mini godiya, ya ce Allah ya sa a mizani, na ce amin. Ni na ce wa ɓarawona amin. Innarku da ba ta taɓa shiga aji ba, da tsohon ciki, an ce mata mijinta na kwance, ta tsaya bayan asabari ta yi tambaya ɗaya. Ni da makullai a ƙugu shekara talatin, aka yabe ni sau biyu na miƙa.

Kafin magariba manhajar ta fitar da ni waje. Na danna, na danna, ta ƙi. A lokacin nan da na kira Saudatu, da an ceci komai, domin muryar tana nan cikin wayar a hannuna, ɓarawon bai iya taɓa ta ba. Amma in kira ta in ce mata me? In ce abin da kika durƙusa kika roƙe ni kada in yi, shi na yi? Washegari da sassafe na shiga mota, ban tsaya wurin masu gyara na Kurfi ba don sun san ni, na wuce Dutsin-Ma, garin da ɗiyata take, na bi ta bayan kasuwa don kada in haɗu da wanda zai kai mata labari. Na sami wani mai gyara, magidanci mai furfura a gemu, na ce masa waya ce ta rikice haka kawai. Ban gaya masa zancen lamba ba. Ya jujjuya ta ya ce sai dai a yi mata filashin, a wanke ta tas, kuma sai da ya tambaye ni har sau biyu ko akwai abin da nake so a ciki. Ba zan ɗora masa laifi ba. Na ce komai yana ajiye a imel. Ya ce na san kalmar sirri? Na bugi aljihuna na ce makulli na nan.

Da ya gama ya miƙo mini, na fito da takarda na shigar da kalmar a hankali. Aka ce ba daidai ba. Na sake, ya sake, muka sake tare. Ɓarawon ya riga ya canja kalmar, ya cire layina ya sa nasa. Wayar kuma fanko, kamar yau aka sayo ta. Na zauna a kan bencin mutumin nan, ana ta ciniki a gefena, wata mata tana tayin tumatir. Ya ce Alhaji lafiya? Na ce lafiya lau. Na biya shi na tashi.

Sauran kun sani, ko kuna zaton kun sani. Ɓarawon ya bi mutanena yana roƙo da sunana, wai ina asibiti, kuka yi ta kiran juna, ranar Asabar kuka taru a Kurfi. Manhajar saƙo Saudatu ta ƙwato mini ita cikin 'yan kwanaki, imel kuwa ta yi watanni tana cike takardu a intanet, ba a dace ba. Amma a ranar Asabar ɗin, a tsakar gida, da aka gane muryar ta tafi, Kabir ya dube ni ya yi tambayar da ta kamata.

"Baba, tsakaninka da Allah, wani ya kira ka ka ba shi lamba?"

Na ce ban ba kowa komai ba. Na ce na kai gyara ne don Saudatu ta tabbatar mini akwai kwafi. Ban ƙara ko kalma ba, kuma ba sai na ƙara ba, domin Kabir ya ƙarasa mini. Ya juya kanta, ya ce ita ta kawo wannan iyayin, kaset yana zaman zamansa shekara arba'in ta zo ta kashe shi, ta buɗe asusun da ba ta iya kulle shi ba, ta kasa ajiye ko kwafi ɗaya. Hadiza tana kuka tana cewa ya isa. Sai ya faɗi maganar da har in mutu ba za ta bar kunnena ba.

"Ke da ba ki san ta ba, ina za ki san darajar muryarta?"

Saudatu ta juyo. Ni ta kalla. Ita ta sa makullin, ta san babu mai shiga sai da lambar nan, ta san a layin wa lambar take sauka. Kalma ɗaya za ta faɗa ta wanke kanta, amma sai ta ƙaryata ubanta a gaban 'ya'yansa da surukansa. Ta jira ni. Na sunkuyar da kai ina gyara carbi. Ta ɗauki mayafinta ta ce Allah ya ba kowa haƙuri, ta fita. Kabir, maganarka mummuna ce, kuma za ka nemi gafararta, amma ni na ba ka wuƙar.

Na yi shekara biyu ina gaya wa kaina gobe zan faɗa. Ina tsinar ɓarawon nan kullum, har yanzu ban yafe masa ba, mutumin da ya mai da mutuwa da Alƙur'ani tarko, ya zauna yana sauraron ta'aziyyar tsofaffi yana zaɓen wanda zai yanka. Bai ma san abin da ya ɗauka ba. Wataƙila ya buɗe, ya ji wata mata tana zancen tulu, ya goge don ya sami wuri. Amma in za a yi adalci, ƙofa ɗaya ya shiga, kuma ni na buɗe masa. Sauran duk aikina ne. Ni na hana a raba kwafi, ni na ɓoye, ni na kai aka wanke wayar, ni na yi ƙarya. Ku gaya wa 'ya'yanku, ba a karanta wa kowa lambar da ta shigo waya, ko da kuka ya zo, ko da sunan mamaci. Kashe waya ka kira wanda ka sani ba rashin kunya ba ne. In kuma an riga an cuce ka, ka faɗa a take tun ana iya gyarawa, ni kwana ɗaya na ɓoye.

Abin da ya sa na ɗauki biro yau shi ne zuwan Saudatu makon jiya. Ba ta taɓa fasa zuwa ba, duk wata tana tafe da magungunana, ta duba wayata, ta sabunta abin da ke son sabuntawa, ta goge saƙonnin banza. Wannan karon ta ce yanzu 'yan damfara sun kai ga kwaikwayon muryar mutum da na'ura, za ka ji kamar ɗanka ne ke magana, don haka tana son mu sa wata alama tsakaninmu, in an kira ni da sunanta ko da muryarta in tambaya. Na ce to wace alama za mu sa? Tana duban wayar, ba ta ɗago ba.

"Ka tambaye shi wa ya fasa murfin tulu, Baba."

Na manta ita kaɗai ce a cikinku ta ji kaset ɗin har ƙarshe, har inda innarta ta sake tsokanata da labarin akuyar, har inda ta raɗa mata suna. Sau ɗaya ta ji, a ɗaki a rufe, sannan na tsaya a kanta ta goge. Ba ta faɗa da gatse ba, ta miƙo mini wayar da hannu biyu ta tashi ta ɗora mini ruwan shayi.

Kalmomin kaset ɗin suna nan a kaina, zan rubuta muku su duka a babi na daban, har da waɗanda na hana ku ji, kowa ya riƙe kwafinsa. Amma kalmomi ne kawai. Muryar tana zubewa daga kaina kaɗan kaɗan. Shekaranjiya na nemi dariyar nan na rasa yadda take farawa, sai tarin ƙarshe kaɗai na samu. Ba ni da abin da zan mayar muku da shi.

Kabir, in ka gama karanta wannan, kada ka kira ni. Ka ɗauki mota ka tafi Dutsin-Ma, ka yi sallama a ƙofar ƙanwarka, ka tsaya har ta fito. Shekara hamsin da suka wuce an bi wata baiwar Allah da kara har zaure a kan abin da ba ta yi ba, ina tsaye ina kallo, kuma ban koyi komai ba. Ba akuya ba ce. Ni na fasa.